Daga Sarkin Magina Zuwa Hukumar Rajista: Wa Ke Ɗaukar Nauyin Mai Sa Ido a Kan Gini?

Tun kafin zuwan Turawa, gini a ƙasar Hausa bai taɓa zama sana'ar da aka bari kara zube ba. Kowane babban birni yana da shugaban magina, wanda a Zazzau ake kira Sarkin Magina, a wasu wurare kuma Sarkin Gini. Sarki ke naɗa shi. Shi ke tara magina idan za a gyara ganuwa ko fada ko masallacin Juma'a, shi ke raba aiki, kuma shi ke sasanta rigima in soro ya tsage bayan damina guda. Yaro yakan fara da kwaɓa ƙasa da cura tubali, ya yi shekaru yana miƙa wa ubangidansa, kafin a yarda ya jera azara ko ya ɗaura baka. Babu takardar shaida. Yardar manya ita ce lasisinsa.

Wanda ya fi shahara a wannan fage shi ne Malam Mika'ilu, wato Babban Gwani, wanda ya gina masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarki Abdulkarimu (1834-1846). Har yau akwai unguwa mai sunansa a birnin Zariya. Abin lura a nan shi ne, shugaban magina daga fada yake cin abinci, ta hanyar kyautar sarki da kuma aikin da fada ke ba shi. Saboda haka idonsa ya fi karkata ga ginin sarki da na attajirai. Ɗakin talaka kuwa, mai shi da maƙwabtansa ne ke duba shi.

Mulkin mallaka ya zo da siminti da ƙarfe da kwano, ya kuma zo da ma'aikatar ayyuka da sashen ayyuka na En'e, waɗanda ake biya daga baitulmali. Sannu a hankali aikin ya rabu biyu: mai zana gini a takarda daban, mai ɗora bulo daban. Koyar da zanen gine-gine ya koma Zariya a 1955, a kwalejin da ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. Ba ƙaramin dace ba ne a ce garin Babban Gwani ne ya yaye rukunin farko na masu wannan ilimi a ƙasar nan.

A 1960 masu zanen suka kafa ƙungiyarsu, NIA. Amma ƙungiya ba ta da ikon hana kowa aiki. Sai a 1969 gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta yi dokar soja mai lamba 10, wadda ta kafa hukumar rajistar masu zanen gine-gine, wato ARCON. Ita ke ajiye sunayen waɗanda suka cancanta, ita ke tantance makarantun da ke koyar da sana'ar, kuma tana da ikon soke sunan wanda ya ci amanar aiki. Tafarkin Ingila aka bi, inda aka yi irin wannan doka a 1931 don ƙasa baki ɗaya. Amurka ta bi wata hanya dabam: can kowace jiha ke da hukumarta, kuma jihar Ilinoi ce ta fara ba da lasisi a 1897.

To, a nan gizo ke saƙar. A Nijeriya rajistar ƙwararru hurumin Tarayya ce, amma ƙasar da za a yi ginin a kanta tana hannun gwamna tun dokar filaye ta 1978. A 2003 kuma Kotun Ƙoli, a shari'ar da jihar Legas ta kai Gwamnatin Tarayya, ta yanke cewa tsara birane da ba da izinin gini hakkin jihohi ne. Ma'ana, hukumar Tarayya ce ta san wane ne gwani, amma hukumar jiha, irin su KNUPDA a Kano, ita ke ganin takardar zane kafin a haƙa harsashi. In jiha ba ta ɗauki ƙwararru aiki ba, ba ta ba su albashi mai tsoka da motar zagaya unguwanni ba, to littafin rajista ya zama ado. An dai fito da kundin ƙa'idojin gini na ƙasa a 2006, sai dai ba ya aiki a jiha sai majalisarta ta mayar da shi doka.

A 2023 Gwamnatin Tarayya ta sanar da cewa za ta daina ware wa hukumomin ƙwararru da dama kuɗi a kasafinta, ciki har da hukumar rajistar malaman makaranta, su riƙa ciyar da kansu daga kuɗin rajista da sabunta lasisi. Masu goyon baya na cewa wanda ke cin moriyar lasisi shi ya kamata ya biya. A ganina wannan hujja rabi ce. Hukumar da abincinta ke fitowa daga aljihun waɗanda take sa wa ido, hannunta zai yi nauyi wajen hukunta su, kamar yadda Sarkin Magina ba ya iya kushe ginin fada. Kuma ba mai lasisi kaɗai ke amfana ba. Wanda ya fi amfana shi ne mai kwana a ƙarƙashin rufin.

Malaman makaranta sun fi kowa sanin wannan. A watan Yulin 2024 benen wata makaranta ya rufta a unguwar Busa Buji da ke Jos ana tsakiyar darasi, aka rasa rayuka 22, galibinsu ɗalibai. Kafin nan, a watan Nuwamban 2021, bene mai hawa 21 ya faɗi a Ikoyi ta Legas, ya kashe mutum fiye da 40. A watan Agustan 2022 wani bene da ake kan ginawa ya rufta a titin Beirut da ke Kano. Dukkan ukun a cikin birni suke, inda doka ta wajabta a nemi izinin hukumar jiha kafin a ɗora bulo na farko.