Ƙwayar SCA da Zamanin Faifan Amiga

Mu da muka taso da kwamfutar Amiga 500 a ƙarshen shekarun 1980, faifan fulofi ne kasuwarmu. Babu intanet a gidaje. Wasanni da manhajoji hannu da hannu suke yawo, a makaranta ko ta gidan waya, daga Jamus zuwa Ingila zuwa Suwidin. Ta wannan hanya ƙwayar cutar kwamfuta ta SCA ta shigo mana a Nuwamban 1987, daga ƙungiyar masu fasa kariyar wasanni ta Suwizalan, wato Swiss Cracking Association.

Mazauninta bayit 1024 na farkon faifai, wurin da na'ura ke fara karantawa idan za ta tashi. Daga nan sai ta haye ƙwaƙwalwar na'urar ta lafe. Ko ka danna Ctrl da maɓallan Amiga biyu don sake tayar da ita, ƙwayar na nan daram, kuma duk faifan da ka tashi da shi bayan haka ya kamu. Can wata rana allo ya yi baƙi, rubutu ya bayyana yana shaida maka cewa Amigarka na da rai.

An daɗe ana cewa SCA ba ta da illa, tunda ba ta goge fayil ko ɗaya. Ban taɓa yarda da wannan ba. Kamfanonin wasanni a cikin waɗannan bayit 1024 ɗin suke ajiye nasu umarnin tayar da wasa, ita kuwa ba ta tambaya, rubutu take yi a kai. Yaro ya tara kuɗi wata da watanni ya sayi wasa na asali, ya saka shi sau ɗaya a na'urar da ta kamu, shi ke nan faifan ba zai sake tashi ba. Daga baya ƙungiyar ta fitar da manhajar kariya, amma aikin gama ya gama: an nuna wa kowa ƙofa.

Wata ƙwayar, Byte Bandit, ta biyo baya a 1988, ita ba ta jiran a tayar da na'ura, da ka zura faifai ta kama shi. Lamer Exterminator ta 1989 kuwa da gangan take ɓarna, tana bin sassan faifai tana cike su da kalmar zagi.

Maganin ma daga cikinmu ya fito. Steve Tibbett ya rubuta manhajar kariya ta VirusX ya raba kyauta. Sauran kuwa tarbiyya ce: ka tura ɗan makullin da ke kusurwar faifai har ramin ya buɗe, don kada a yi rubutu a kansa, sannan kafin ka saka faifan wani ka kashe wutar na'ura gaba ɗaya, ka ɗan jira ƙwaƙwalwarta ta wofinta.

Faifan nan yanzu lalacewa suke yi a kwalaye. Wanda ke da su ya kwafe su zuwa kwamfutar zamani tun suna karantuwa, har da waɗanda suka kamu, domin masu bincike na buƙatarsu.