Kwamfutar tafi-da-gidanka: abin da ɗalibi ya kamata ya sani kafin ya saya

Da zarar ɗalibi ya samu BAC ya yi rajista a Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai, ko Dan Dicko Dankoulodo ta Maraɗi, ko André Salifou ta Damagaram, ko Djibo Hamani ta Tahoua, sai maganar kwamfuta ta taso. Sau da yawa kuɗinta na fitowa ne daga gumin iyaye, wani lokaci har sai an sayar da dabba. Karatun lisans shekara 3 ne, don haka na'urar da za a saya dole ta jure zafi da ƙura da ɗaukewar wuta har ranar da za a miƙa kundin kammala karatu. Ƙyalƙyalin baya ba shi ne abin dubawa ba, kayan ciki ne.

Kayan ciki guda uku

Na farko shi ne ƙwaƙwalwar na'urar, wato furosesa. Ganin Core i5 ko Core i7 a jiki bai wadatar ba, sai an san zamaninta. A i5-6300U, lambar 6 na nufin zamani na 6; i5-8250U zamani na 8 ne; i5-1135G7 kuwa na 11. Wannan na da muhimmanci domin kamfanin Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba 2025, Windows 11 kuma a ƙa'ida tana buƙatar Intel zamani na 8 zuwa sama. A ɓangaren AMD, Ryzen 5 3500U da waɗanda suka biyo bayanta sun dace. Celeron tana da arha, amma tana saurin gazawa idan aiki ya yi yawa.

Na biyu shi ne RAM, wurin da na'ura ke shimfiɗa aikin da take yi. Jiga 4 na iya tayar da Windows 11, amma da an buɗe Word da shafukan intanet kaɗan sai ta fara jan ƙafa. Jiga 8 shi ne daidai. A takardun Faransanci ana rubuta shi 8 Go, a na Turanci 8 GB, duk abu ɗaya ne.

Na uku shi ne ma'ajiya. SSD ta fi tsohon faifan HDD sauri nesa ba kusa ba, kuma tun da babu abin da ke juyawa a cikinta, ta fi jure girgizar kabu-kabu. SSD mai jiga 256 ta fi HDD mai jiga 1000 amfani ga ɗalibi.

Kowane fanni da bukatarsa

Mai karatun shari'a, adabi, tarihi ko tattalin arziki, abin da aka lissafa a sama ya ishe shi. Mai karatun gine-gine ko injiniya da zai yi aiki da AutoCAD, ya nemi RAM jiga 16. Chromebook kuwa an gina ta ne don aiki a kan intanet, kuma manhajojin Windows ba sa hawa kanta kai tsaye. Kafin saye, a tambayi ɗaliban da suka riga shiga sashen irin manhajojin da malamai ke nema.

Sabuwa ko ta hannu

Idan kuɗi bai kai ba, ta hannu mai lafiya daga jerin da aka ƙera don ma'aikatu, kamar Lenovo ThinkPad, Dell Latitude ko HP EliteBook, ta fi sabuwa mai rauni. Jikinsu da ƙwari, kayan gyaransu kuma ba su da wuyar samu. Sai dai a gwada a gaban mai shago: a danna kowane harafi, a duba kyamara da lasifika da Wi-Fi da ramukan USB, a lura ko akwai tabo a gilashi. A tabbatar babu kalmar sirri a BIOS, a kuma karɓi rasit mai ɗauke da lambar na'urar, don gudun sayen kayan sata.

Batir

Inda wuta ke zuwa tana tafiya, batir ne rabin kwamfuta. Kada a tsaya ga bakin mai sayarwa. A Windows, umarnin powercfg /batteryreport yana fitar da rahoto mai nuna ƙarfin batir lokacin da aka ƙera shi da wanda ya rage masa yau. Idan ya sauko kusan rabi, a sa kuɗin sabon batir cikin ciniki.

AZERTY ko QWERTY

Karatun jami'a a Nijar da Faransanci ake yi. Allon haruffa na AZERTY yana da é, è, à da ç a fili. Yawancin na'urorin da ke shigowa ta Najeriya ko daga Amurka QWERTY ne. Ana iya sauya tsarin a cikin Windows a manna sababbin haruffa, amma mai rubuta kundi mai shafi da yawa zai fi sakewa da AZERTY na asali.

Kula bayan saye

Gilashi mai inci 14 ya fi sauƙin ɗauka zuwa aji. A watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke wuce digiri 40, kada a ɗora na'ura a kan katifa, domin hakan na toshe ramukan iska. Da hunturu a riƙa rufe ta cikin jaka saboda ƙura. A yi amfani da cajarta ta asali. Kundin karatu kuma a ajiye kwafinsa a filash da kuma imel: kwamfuta in ta mutu ana sake saye, aikin shekara guda in ya ɓace sai dai a koma farko.