Jatan lande mai sanyi a teburin Sinawa

A teburin liyafa na ƙasar Sin, kafin zafafan girke-girke su iso, akan fara jera ƙananan faranta na abinci mai sanyi. Ɗaya daga cikinsu shi ne jatan lande dafaffe a ruwan gishiri, wanda Sinawa ke kira yanshui xia, sananne a birnin Shanghai da lardin Jiangsu.

Girkin ba shi da wuya, amma ba ya yafe sakaci. Ana barin jatan lande da ɓawonsa da kansa, domin su ne ke riƙe ɗanɗano. Sai a soka tsinken sakace a gadon bayansa a zaro baƙin zaren nan, wato hanjinsa. A tafasa ruwa da gishiri da yankakkiyar ɗanyar citta da lawashin albasa har ƙamshinsu ya fito, sannan a zuba jatan lande. Minti 2 zuwa 3 sun wadatar. Da zarar ya yi ja ya ɗan lanƙwashe, ya nuna. Idan ya naɗe har kai ya taɓa wutsiya, an wuce gona da iri, namansa zai yi tauri kamar roba. Wasu kan tsame shi nan take su jefa cikin ruwan ƙanƙara, wasu kuma su jira romon ya huce su mayar da shi ciki ya jiƙa a firiji. Hanya ta biyu ta fi ratsa shi da ɗanɗano.

Abin dangwalawa kuwa, a Jiangsu baƙin ruwan khal na birnin Zhenjiang ne, wanda ake yi da shinkafa, a zuba masa citta yankakkiya siri-siri. Mutanen Guangdong, waɗanda suka fi son cin nasu da ɗumi, sukan haɗa miyar waken soya da barkono da lawashi, su kwarara tafasasshen mai a kai.

Musulmi mai cin abinci a can ya kamata ya tambaya, domin yawancin masu girki na zuba giyar shinkafa ta Shaoxing a romon. Citta kaɗai na iya kashe ƙarnin. Akwai kuma wani nau'i da ake tsoma jatan lande ɗanye, wani lokaci ma da ransa, cikin giya. Wannan yana ɗauke da haɗarin tsutsotsi da ƙwayoyin cuta.

Faranti ƙarami ne, amma cinikin da ke bayansa babba ne. Duk da ɗimbin jatan landen da take kiwo, Sin na sayo shi daga waje, kuma Ekwado ce kan gaba wajen sayar mata. A watan Yulin 2020 hukumomin kwastam na Sin suka dakatar da kamfanonin Ekwado uku bayan sun ce sun gano ƙwayar korona a jikin kwalayen kayansu, lamarin da ya girgiza masu kiwo a can. Ƙasashen biyu sun sa hannu kan yarjejeniyar ciniki maras shinge a 2023, ta fara aiki ranar 1 ga Mayun 2024.