Tarihin Gwajin Manhaja da Illar Jiran da Ba Shi da Wa'adi

Duk wanda ya tashi a kwarin Komadugu, tun daga Assaga da Diffa har zuwa kufan Birnin Gazargamu, wanda Mai Ali Gaji ya kafa a ƙarni na 15 kuma aka watse daga cikinsa a 1808, ya san cewa malaman wannan ƙasa ba su taɓa yarda almajiri ya haddace abin da ya rubuta a allo ba sai ya kai shi darasu, gwani ya bi shi harafi bayan harafi ya gyara, domin kuskuren da aka kama a allo guda wankewa ce maganinsa, amma wanda ya zauna a ƙirji sai an sha wahala kafin a tumɓuke shi. Wannan ƙa'ida ta duba kaɗan-kaɗan kafin a tara da yawa ita ce masu rubuta manhajar kwamfuta suka isa gare ta bayan dogon ijtihadi, suka mai da ita gwajin gaɓa-gaɓa; sai dai sun gamu da wata illa tasu ta daban, wato inji ya karɓi umarnin gwaji, sa'an nan ya ƙame, bai ce an dace ba, bai ce an kuskure ba.

Asalin mas'alar ya girmi injin kansa. A 1936 wani masanin hisabi na Ingila, Alan Turing, ya kafa burhani wanda daga gare shi aka tabbatar cewa babu wata hanya guda da za ta iya duban kowane irin tsari ta yanke hukunci ko zai kai ƙarshe ko kuwa zai yi ta gudana har abada. Ma'anar wannan ga mai sana'a ita ce, idan ya ga alamar jira tana ta juyawa a fuskar na'ura, babu wani ma'auni na gaba ɗaya da zai rarrabe masa tsakanin aikin da ke tafiya a hankali da wanda ba zai ƙare ba. Da aka tayar da injin EDSAC a Jami'ar Kambirij ranar 6 ga Mayu 1949, shugaban aikin, Maurice Wilkes, bai jima ba ya fahimci cewa kaso mai yawa na sauran rayuwarsa zai tafi ne wajen neman kurakuran da ya yi da hannunsa, kamar yadda ya ba da labari daga baya. Mutanen wancan zamani sukan haɗa wa injin lasifika, su kasa kunne: muddin sautin yana sauyawa, aiki na tafiya, in ya koma amo ɗaya yana maimaita kansa, sun san injin ya faɗa cikin kewaye, sai a tsayar da shi.

Da injuna suka fara gudanar da ayyuka da yawa a lokaci guda, sai wani nau'in ƙamewa ya bayyana wanda ba shi da ko amo. Edsger Dijkstra, mutumin Holan, ya shimfiɗa wa ɗalibansa mas'alar a 1965, daga baya Tony Hoare ya sa mata rigar da aka san ta da ita: masana falsafa biyar zaune a teburi, cokula biyar a tsakaninsu, kowa na bukatar biyu kafin ya ci, idan kowannensu ya ɗauki na hagunsa ya zauna jiran na dama, to babu wanda zai kai loma baki, alhali babu wanda ya saɓa doka. A 1971 Edward Coffman da abokan aikinsa suka ƙididdige sharuɗɗa huɗu waɗanda sai sun haɗu wannan ke aukuwa: abin ya zama ba ya rabuwa tsakanin biyu, mai riƙe da wani ya nemi ƙari, ba a iya ƙwacewa daga hannunsa, kuma jiran ya kewayo ya dawo kan na farko. Wanda ya rushe ɗaya daga cikinsu ya warware ƙullin.

Shi kuwa gwajin gaɓa-gaɓa, a siffarsa ta yau, ya samo tushe daga Kent Beck na Amurka, wanda ya bayyana tsarinsa na harshen Smalltalk a 1994. A 1997, cikin jirgin sama daga Zurik zuwa Atlanta, shi da Erich Gamma suka rubuta JUnit, wanda ya yaɗa al'adar nan ta layi kore in an dace, ja in an kuskure. Gamma ya ci gaba da aiki a kan Eclipse, wanda IBM ta saki a 2001, inda ƙananan manhajojin ƙari ke zaune ɗaki ɗaya da editan da ake rubuta manhaja a cikinsa, ta yadda ɗaya in ta yi nauyi sai ta ja kowa ƙasa. Da ya jagoranci ƙirar Visual Studio Code, wanda Microsoft ta fitar a 2015, sai aka ware wa manhajojin ƙari mazauni dabam, domin in ɗayarsu ta ƙame, marubuci ya ci gaba da rubutunsa. Haƙiƙa wannan hikima ce, sai dai ta ƙara tsawon silsila: edita yana magana da mazaunin, mazaunin yana tayar da mai gudanar da gwaji, shi kuma yana tayar da manhajar da ake gwadawa, kuma a kowane mahaɗi akwai damar wani ya zauna jiran wani.

Mafi yawan sabuban ƙamewa a yau tsofaffi ne da suka sake tufafi. Ga misali bututun da aka shigar cikin Unix a 1973 bisa shawarar Douglas McIlroy, wanda ta cikinsa tsari ke miƙa wa tsari bayani: a Linux yana ɗaukar bayit 65,536 ne bisa al'ada, saboda haka idan gwaji ya yi ta zuba rubutu alhali manhajar ƙarin ba ta kwashewa, tana jiran ya gama tukuna, sai bututun ya cika, shi yana jiranta, ita tana jiransa, ga masana falsafar Dijkstra sun dawo su biyu. Haka nan gwajin da ya tsaya yana tambayar kalmar sirri ko amsar i ko a'a, a wurin da babu taga da za a amsa masa. Ko wanda ya aika saƙo ta intanet bai sa wa amsar wa'adi ba, abin da ya fi cizon wanda layinsa ke yawan yankewa. Ko wanda ya gama aikinsa sarai amma ya bar ƙofar rumbun bayanai a buɗe, tsarin ya ƙi fita.

Maganin da sana'ar ta gada shi ma ba sabo ba ne. Da yake Turing ya rufe ƙofar sanin tabbas, sai aka koma ga yanke ajali: JUnit na 4, a 2006, ya ba da damar sa wa kowane gwaji iyakar lokaci, cikin takwarorinsa kuwa Mocha kan yanke a daƙiƙa 2, Jest a daƙiƙa 5, in ba a sauya ba. Bayan wannan sai rarrabewa. Mai hankali yakan fara gudanar da gwajin kai tsaye daga wurin buga umarni, ba tare da edita ba; in ya tafi lafiya, laifin yana wajen manhajar ƙari ko saitinta, in ya ƙame a can ma, yana cikin gwajin. Daga nan ya karanta rajistar da manhajar ke rubutawa ya ga layin ƙarshe da ta tsaya a kai, ya gwada gaɓa ɗaya-ɗaya, kuma ya kashe rabin manhajojin ƙarinsa ya sake gwadawa, dabarar da Visual Studio Code ya mayar kayan aiki a ƙarshen 2020; ta haka mai manhajoji 64 zai kama mai laifi a zagaye 6.

Dijkstra ya yi gargaɗi tun da wuri cewa gwaji yana iya nuna akwai kuskure, amma ba ya iya shaidar cewa babu shi. To ina ga gwajin da bai ko dawo da jawabi ba? Saboda haka ina kira ga matasanmu da ke koyon wannan fanni, a Jami'ar Diffa da aka kafa a 2014 da sauran makarantu, kada su gaggauta kashe na'ura su kunna da zarar ta ƙame, domin yin haka yana share shaidar da za ta nuna musu sababin. Su tambayi wane ne ke jira, kuma wa yake jira, sa'an nan kada su rubuta wani jira a cikin manhajarsu face sun yanka masa wa'adi.