Gawo da Littafin Yara a Ƙasar Arewa

Ƴan uwa ɗalibai, me ya sa yaron Arewa, daga Dogon Dutsi har Tibiri, ya daɗe bai samu littafin hotuna mai yi masa zancen itacen ƙasarsu da harshen da ya sha a nono ba? A ganina, tarihi biyu ne suka yi tafiya kowa da hanyarsa: na harshe a lakwal, da na itace a gona.

Mu fara da harshe. Zamanin Nasara, Faransanci kaɗai ake ji a aji, wanda ya yi Hausa a rataya masa "sambol". A 1966 aka yi taron UNESCO a Bamako don daidaita rubutun Hausa da wasu harsunan Afirka. A 1973 aka buɗe lakwal ta gwaji ta farko a Damagaram, inda yara suke fara karatu da Hausa. Sai dai lakwal irin wannan ba ta yi yawa ba, littattafanta ma haka.

Ta wajen itace kuwa, farin 1973 zuwa 1974 ne ya farkar da mahukunta. Daga 1975, zamanin Seyni Kunce, ranar 3 ga Agusta ta zama ranar dashen itace. A 1984 aka yi babban taron Maraɗi kan gurgusowar hamada. A shekarun nan ne manoman jihar Maraɗi suka shiga barin tohon kututture a gona suna yi masa gyara, abin da ake kira sassaben zamani. Da ƙungiyar CILSS ta kai darasin muhalli cikin lakwal a shekarun 1990, galibi da Faransanci ya shiga.

To, ga inda abin yake damuna a matsayina na ɗalibin nazarin harshe. Kalmar "muhalli" aro ce daga Larabci. Yaron Matankari ko Gesheme bai tashi da ita ba. Abin da ya sani shi ne daji, gona, fadama, da "icce", kamar yadda muke faɗa da Arewanci. Ya san sabara da kalgo da aduwa. Ya san gawo yana zubar da ganye da damina, hatsi ya samu rana da taki a gindinsa, da rani kuma ya yi kore shar, bisashe su ci ƴaƴansa. Ke nan in mai zane da bai san Dallol Mawri ba ya zana gawo kore a tsakiyar damina, yaron zai ɗauki ɗayan biyu: ko littafi ƙarya yake, ko babansa bai san komai ba. Kowanne ya ɗauka, mun yi asara, wallahi.

A watan Maris na 2025 aka ɗaga Hausa ta zama harshen ƙasa. Madalla, amma doka ba ta zana hoto. Mu da muke zuwa gida hutu, mu zauna da tsofaffi da mata masu itacen girki, mu rubuta sunan kowane icce da amfaninsa da lokacin ganyensa. Masu hannun zane cikinmu su zana shi yadda yake. Shafi goma sha biyu ya isa ƙanenmu na ajin farko.