Malam Aminu Kano da asalin makarantar Islamiyya

Da la'asar sakaliya, a ƙauyukan Bichi, Dambatta ko Minjibir, inda gona ke manne da gona, za ka ga yara sun wanke ƙurar noma sun nufi wani ɗaki mai benci da baƙin allo. 'Yan mata sanye da hijabi iri ɗaya, kowa da jakar littafi. Kakanninsu ba haka suka yi karatu ba. Su allo suka sani, da tawada da wutar kiskadi, da malamin da kan kwashi almajirai a tafi cirani bayan an yi girbin gero.

Cikin waɗanda suka buɗe wannan sabuwar hanya akwai Malam Aminu Kano. An haife shi a 1920, ɗan Malam Yusufu, masanin shari'a, kuma a wajen mahaifiyarsa Rakiya ya fara karatun Alƙur'ani. Daga nan sai makarantar Shahuci, sai Midil ta Kano, sai Kwalejin Kaduna. A 1942 ya fara koyarwa a Midil ta Bauci, inda ya shaƙu da Malam Sa'adu Zungur.

Can aka fara ganin bambancinsa. A zamanin da bulala ce mataimakiyar malami, shi wasan kwaikwayo yake rubuta wa ɗalibai, su hau dandali su tona asirin macutan kasuwa da azzaluman masu karɓar haraji. Mai bin tarihin ilimi zai tuna da Vittorino da Feltre, wanda ya buɗe makaranta a Mantuwa ta Italiya a 1423, ya haɗa karatu da wasa, ya zaunar da ɗan talaka kusa da ɗan sarki.

A 1946 ya tafi Landan ƙaro ilimin koyarwa, ya dawo ya jagoranci kafa ƙungiyar malaman Arewa, aka tura shi koyarwa a Maru. A 1950 ya ajiye aikin gwamnati, ya shiga siyasa a jam'iyyar NEPU.

Siyasar NEPU ta rufe wannan ɓangare na rayuwarsa, abin takaici, domin a farkon shekarun 1950 shi da mutanensa suka fara buɗe makarantun da ke koyar da Alƙur'ani da fiƙihu da Larabci aji-aji, da rajista da lokacin tashi, mace da namiji. Iyayen da ke gudun boko sun samu abin da ba su da hujjar ƙi. Hukumar En'e kuwa ta dube su da idon siyasa, ba su sha da daɗi ba. Daga baya gwamnati da ƙungiyoyin addini suka rungumi tsarin, ya bazu daga birni zuwa karkara.

A 1980 gwamnatin Abubakar Rimi a Kano, ta PRP jam'iyyar Malam, ta kafa hukumar ilimin manya, magidanta da matan aure na ƙauye suka shiga aji. Malam ya rasu ranar 17 ga Afrilu, 1983.