Atisayen Turjiya: Tarihin Neman Ƙarfi Ba da Ƙarfe Ba

Atisayen turjiya hanya ce ta gina ƙarfi inda mutum ke sa wani sashe na jikinsa ya yi gardama da wani sashen, ba ƙarfe, ba na'ura, ba abokin karawa. Mai yi zai dunƙule hannun dama, ya ɗora tafin hagu a kansa, dama tana neman tasowa, hagu tana danne ta. A haka hannun zai yi ta tasowa sannu a hankali har ya kai kafaɗa, damtse na karkarwa, gumi na tsattsafowa a goshi. A wani salon ba a haɗa hannuwan ma: ana ɗaure tsokar gaban damtse da ta bayansa lokaci guda, sannan a miƙa naushi a hankali kamar mai tura mota a cikin yashi. Yana da ɗan'uwa na kusa, wato matse tsoka ba tare da gaɓa ta motsa ba, irin na mai tura katanga. Masana motsa jiki suna bambanta su, amma tarihinsu a cakuɗe yake, kuma abu guda yake nunawa: duk inda wannan atisaye ya haifar da ɗa mai ido, a kan wani ginshiƙi aka same shi zaune, ko aikin ƙarfi, ko ɗaga nauyi, ko karawa da mutum. Inda aka tallata shi a matsayin wanda ya isa shi kaɗai kuwa, akwai abin da aka bari ba a faɗa ba.

Wanda ya sa duniya ta san shi wani Ba'italiye ne mai suna Angelo Siciliano, wanda aka haifa a 1892, iyayensa suka kai shi birnin New York na Amurka yana yaro, daga baya ya koma amsa sunan Charles Atlas. A 1922 ya ci wata gasar ƙirar jiki, a 1929 kuma ya haɗa kamfani da wani ɗan talla mai suna Charles Roman, wanda shi ne ya raɗa wa tsarin suna Dynamic Tension. Darussa goma sha biyu ne ake aika wa mai saye ta gidan waya, tallarsu kuwa tana bayan littattafan barkwanci na yara: wani siririn saurayi da ƙato ya wulaƙanta a bakin teku, ya je ya yi atisaye, ya dawo ya rama. Atlas yakan ce daga kallon zaki yana miƙa a gidan zu ya samo dabarar, wai ai zaki ba ya ɗaga ƙarfe. Labarin yana da daɗin ji, amma ya manta cewa zaki yana kokawa da ɓauna. Cikin darussan ma akwai atisayen tura ƙasa da tsugunne-tashi, waɗanda nauyin jiki ne ake ɗagawa a cikinsu, ga dokokin abinci da barci. Da Atlas ya mutu a 1972 ya sayar da tsarin ga ɗimbin samari, kuma babu gardama da yawansu sun amfana, domin wanda bai taɓa motsa jiki ba kowane irin atisaye ya kama sai ya ga canji.

Tun kafin Atlas, masu koyon faɗa a kudancin Sin da tsibirin Okinawa sun riga sun mayar da abin karatu mai ƙa'ida. A karaten Okinawa akwai jerin motsi da ake kira Sanchin, ma'anarsa yaƙi uku, wanda asalinsa daga lardin Fujian ne. Kanryo Higaonna ya je birnin Fuzhou da ke wannan lardi ya yi karatu, almajirinsa Chojun Miyagi, wanda ya rayu daga 1888 zuwa 1953, ya sa Sanchin ya zama tushen makarantarsa ta Goju-ryu. Ɗalibi zai tsaya ƙafafu a ɗan karkace ciki, yatsun ƙafa sun kama ƙasa, ya matse cinya da ciki da baya, ya ja numfashi ta hanci, ya fitar ta baki da ƙara yana miƙa hannu. Malam na zagaya shi, ya mari kafaɗa, ya doki cinya, ya tura ƙugu, yana neman inda ya saki. A salon Hung Gar na kudancin Sin ma akwai irinsa da ake kira zaren ƙarfe. Sai dai wanda ya leƙa farfajiyar waɗannan malamai zai tarar da dutse mai mariƙin itace da ake juyawa, da tuluna masu nauyi da ake kama bakinsu da yatsu a yi tafiya da su, da gungumen da aka naɗe da igiya don naushi. Ba su taɓa ɗaukar ɗaure jiki a matsayin dukan karatu ba.

A ƙasar Hausa abin bai sami suna ko darasi a rubuce ba, amma alamarsa tsohuwa ce. Baturen nan Hugh Clapperton, da ya sauka Kano a 1824, ya nemi a kawo masa 'yan dambe, aka kawo su daga cikin mahauta. Ya bayyana yadda ake naɗe hannun dama da ƙyalle, ya kuma lura cewa kafin a kara, ɗan dambe yakan fito fage shi kaɗai, ya gyara tsayuwa kamar akwai abokin gaba a gabansa, ya ɗaure tsokokinsa kamar mai duba ko kowace jijiya tana nan daram, sannan ya matso gun 'yan kallo yana nuna damtse yana kirari. Kuskure ne a ce wannan hujja ce ta cewa Hausawa suna da tsari irin na Okinawa. Abin da Clapperton ya gani nuni ne da tsoratarwa. Amma ya tabbatar da cewa shekara ɗari kafin tallar Atlas, ɗan damben Kano ya san yadda ake tara ƙarfin jiki wuri guda da gangan. Tsayuwar dambe kanta turjiya ce: a ware ƙafa, a sunkuya, hannun kariya a miƙe a gaba, hannun da aka sa wa zare a ɗane a baya, a yi ta auna juna har cinya ta ɗauki zafi kafin a saki naushi ɗaya.

Daga ina ƙarfin yake fitowa? Amsar tana ƙauyuka irin na Gwiwa, wadda take masarautar Kazaure tare da Roni da 'Yankwashi, a kusurwar Jihar Jigawa da ta jingina da Katsina, da ma yankin Babura da ke bakin iyakar Nijar. A irin wannan karkara dambe da kokawa wasannin kaka ne, kuma ba banza aka ajiye su a kaka ba. Saurayi ya shafe damina yana huɗa da noma a duƙe, ya yi gayya, ya yanki gero da dawa, ya ɗaura dami ya ɗauka a ka, ya yi sussuka, ya ja guga. Mahauci kuwa kullum yana kayar da sa, yana riƙe ƙaho, yana saran ƙashi. Tun yana yaro ya yi langa, ƙafa ɗaya a hannu, yana ture tsaransa da kafaɗa. A kokawa ne ma turjiya ta fi fitowa fili. 'Yan kokawa biyu za su sarƙe, goshi da goshi, kowa ya kama damtsen ɗan'uwansa, ƙafafu sun nutse cikin yashi. Mai kallo daga nesa zai ce hutawa suke, alhali babu tsokar da ba ta aiki, kowa na jiran ɗayan ya saki numfashi ya sassauta. Nijar ta ɗaukaka wannan wasa tun 1975, lokacin da aka fara gasar takobi ta ƙasa a Tawa, Kantu na Maraɗi ya ɗauka. Turjiyar ɗan kokawa da mutum ake yin ta, mutumin da ke sauya nauyi, yana yaudara, yana neman ƙafarka, abin da hannunka na hagu ba zai taɓa yi wa na dama ba.

Mai ja da wannan magana zai ce ai kimiyya ta goyi bayan matse tsoka shi kaɗai. Gaskiya ne a 1953 Jamusawa biyu, Hettinger da Müller, sun ba da rahoton cewa matsa ta daƙiƙa shida sau ɗaya a rana tana ƙara ƙarfi kimanin kashi biyar cikin ɗari a mako. Binciken da ya biyo baya bai sami ƙaruwa mai yawa haka ba, ya kuma nuna cewa ƙarfin ya fi taruwa a daidai lanƙwasar gaɓar da aka yi atisayen a kanta. Akwai kuma labarin Bob Hoffman, mai kamfanin ƙarafan ɗagawa na York, wanda ya daɗe yana yi wa tsarin Atlas ba'a. A farkon shekarun 1960 sai ga shi yana tallar matse tsoka a jikin sandar da ba ta motsi, yana kafa hujja da yadda masu ɗaga ƙarfe Bill March da Louis Riecke suka bunƙasa cikin ɗan lokaci. Daga baya aka gane cewa likitansu John Ziegler yana ba su ƙwayar Dianabol mai kumbura tsoka. Wannan ya yi kama da abin da ke faruwa a fagenmu, sai dai a juye: a can an ɓoye magani an yabi atisaye, a nan ana yabon laya da guru da tsagar da aka cusa wa magani, a manta da damina guda da aka yi a duƙe.

Wani kuma zai ce, in haka ne ai atisayen turjiya ba shi da amfani. Nan ma an wuce gona da iri. Injin sussuka, famfon burtsatse, babur da maganin feshi sun rage aikin da ke gina saurayin karkara, dambe kuwa ya bar jiran kaka, ya zama sana'ar kullum a gidajen dambe na Kano da Dei-Dei ta Abuja, ana sa mota a gasa, ana ɗora turmi a YouTube. Ɗan damben da ba ya noma dole ya nemi ƙarfi da gangan, kuma ba kowane gari ke da ɗakin ɗaga ƙarfe ba. Atisayen turjiya ba ya cin ko sisi, ana yin sa a zaure ko a ɗakin haya, yana ƙarfafa wuya da ciki da riƙo, yana koya wa mutum ɗaure jiki a daidai lokacin da bugu zai sauka, yana kuma taimaka wa mai jinyar targaɗe kafin ya koma fage. Iyakarsa ita ce ba ya aunuwa, domin babu mai sanin nauyin da hannunsa ya ɗora wa ɗayan, kuma ba ya koyar da sauri, tunda naushin kisa yana bukatar tsokar da ke riƙe hannu ta saki, shi kuwa yana koya mata ta riƙe.

Yunƙuri da numfashi a riƙe yana ɗaga hawan jini nan take. Mai hawan jini ko ciwon zuciya ya ga likita kafin ya fara wannan atisaye. Saurayin da ke son shiga fage kuma ya yi shi da safe in ya so, amma da yamma ya nemi tsaransa su sarƙe.